Ɗanɗano Ai Ba Ci Ba Ne

"Miƙo min ludayin nan, Auta."

"Ba zan miƙo ba, Baba."

Injin kwaɓi yana ta gurnani a kusurwar gidan burodin, amma duk da haka kowa ya ji. Dogo, mai gasa burodin da ya yi furfura a gaban tanderun Baba, ya tsaya da faranti a hannu kamar an dasa shi. Sauran ma'aikata suka sunkuyar da kai, kowa fulawar gabansa ta zame masa abin kallo.

Tukunyar ruwan suga ce a tsakanin uba da 'ya, ruwan da ake shafa wa burodi mai zaƙi in ya fito daga wuta don ya yi sheƙi. Tana tafasa a hankali, ƙamshinta ya cika ɗakin.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan miƙo ba. Na auna sugan, na auna ruwan. Daidai yake."

"Kin auna." Baba ya yi wata dariya da ba ta wuce leɓe ba. "Dogo, ka ji ko? An auna. Tun uwarta ba ta san za ta haife ta ba nake dafa ruwan nan, yau an wayi gari ƙarfe ne zai gaya min ya yi ko bai yi ba. Dogo, ba ni ludayi."

"Maigida, hannuna da faranti."

"Ajiye shi."

"Wallahi in na ajiye shi a nan iska za ta buge shi, Maigida, ka san halin burodin nan." Dogo ya juya ya nufi can ƙuryar ɗaki da farantinsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Baba ya miƙa yatsa zai tsoma a bakin tukunyar, inda ruwan ya ɗan daskare. Auta ta riga shi. Ta ɗauki murfi ta rufe, ta ɗora tafinta a kai. Murfin ya ɗauki zafi nan da nan, zafin ya ratsa mata har gwiwar hannu, ba ta ɗaga ba. Suka tsaya suna kallon juna, goshi iri ɗaya, taurin kai iri ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi ya fara kawar da ido. Ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa, ya fita ya zauna a bencin bakin ƙofa. Sai a lokacin ta ɗaga hannu ta tsoma shi a bokitin ruwa, ta ce wa ma'aikata, "Kallon me kuke yi? Kwaɓi zai wuce lokacinsa."

Ba haka ta so abin ya kai ba. Ta karanci kimiyyar abinci a jami'a, tana da aikinta a wani kamfanin madara, da farar riga da ɗaki mai sanyi. Gidan burodi wucewa kawai take yi ta gaida Baba in ta tashi aiki. A irin wannan wucewar ce ta same shi zaune a kan buhun fulawa, zufa ta jiƙe masa riga, leɓensa ya yi fari, yana jan numfashi kamar wanda ya hau tudu da kaya. Ya ce zafin tanderu ne. Ya ce a ba shi shayi mai madara da suga sosai, yanzu zai warware. Ta tari mota, ita da Dogo suka sa shi a ciki yana zaginsu.

Likitar zuciya wata mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da sauri a magana. Bayan an kwantar da shi an yi gwaje-gwaje, ta jawo kujera ta zauna a gefen gadonsa.

"Baba, ka daɗe da sanin kana da ciwon suga?"

"An taɓa faɗa min. Ai ba ya damuna."

"Yana damunka, shiru dai yake yi. Suga in ya daɗe da yawa a jini, cin jijiyoyin jini yake yi ta ciki, kamar yadda tsatsa ke cin bututun ruwa. Inda ya ƙarce, nan kitse ke maƙalewa, hanya ta dinga tsukewa. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ƙanana ne, ba su da wuyar toshewa. Hawan jini da taba kuma taya shi aiki suke yi. Abin da ya same ka ke nan, wata hanya ce ta toshe."

"Ni fa ban ji ciwon komai a ƙirjina ba."

"Shi ne abin tsoron. Sugan kan dusashe jijiyoyin da ke kai wa mutum saƙon ciwo. Wani zai riƙe ƙirji ya yi ihu, mai suga kuwa sau da yawa zufa ce kawai da kasala. Kuma wannan ba shi ne na farko ba. Mun ga tabon wani tsoho a zuciyarka, ya zo ya wuce ba ka sani ba. Na uku ban yi maka alkawarin zai tsaya sallama ba."

Ta lissafa masa abin da zai rage haɗarin: maganin suga, da na hawan jini, da na rage kitsen jini, kullum ba fashi. Taba a bar ta gaba ɗaya. Gishiri da maiƙo a rage. Tafiya a ƙasa kowace rana in ya ji ƙarfi. Sai kuma baki.

"Likita, ni ba aci ba ne. Tambayi 'yata. Ɗanɗano kawai nake yi."

Auta ta ce, "Duk kwaɓin da aka yi sai ya gutsura. Duk tukunyar ruwan suga sai ya sha ludayi. Duk farantin da ya fito sai ya ɓalli gefe. Daga buɗe ƙofa har rufewa."

"To ai sana'ar ke nan! Ni ba na awo, harshena ne ma'aunina. Ɗanɗano ai ba ci ba ne."

"Baba," in ji likitar, "jini bai san wannan bambancin ba."

Yayyen Auta duk suna nesa, kowa da iyalinsa. A waya suka yi ta jajantawa, suna cewa a dinga lallaɓa shi, a dinga kula. Ba wanda ya ce wa zai kula. Ta ɗauki hutu, hutu ya ƙare, ta ajiye aikin, ta sayi sikeli ta shiga gidan burodi.

Da farko da lalama ta bi shi. Da ya koma aiki sai ta dinga bin sa a baya, duk abin da hannunsa ya ɗebo ta tare ta ɗora a sikeli kafin ya zuba, yana mata dariya yana cewa 'yar boko ta zo koyon sana'a da ƙarfe. A haka ta kama awonsa kaf, na gishiri, na suga, na yis, na bota, har da ɗan ƙarin da yake yi ranar sanyi. Ta ce masa ya ɗanɗana ya tofar. Ya ce shi tunda yake bai taɓa tofar da abincin Allah ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Suka yi yarjejeniya a kan sau ɗaya a yini. Ɗaya ta haifi biyu, biyu ta haifi jikoki. Duk safiya in ta huda masa yatsa ta ɗiga jinin a ɗan injin gwaji, lambar sama take yi kamar ba a shan magani. Rannan ta gan shi ya tsaya a tsakiyar matakalar gida, ya dafa bango, yana jiran numfashi ya dawo. Washegari ta rufe tukunya da tafinta.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Gwaggo, yayar Baba, zaune a falo ta harɗe, ko mayafi ba ta cire ba. Mama na gefe tana tsince wake a tire, ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, likitan gida," in ji Gwaggo. "Ke ce kika ci fuskar ɗan'uwana a gaban yaransa?"

"Ina wuni, Gwaggo."

"Riƙe gaisuwarki. An kai ki makaranta don ki dawo ki ɗaure wa ubanki baki? Da gumin tanderun nan aka saya miki littafin da kike taƙama da shi. Mutum da dukiyarsa, da sugansa, a ce sai an ba shi izini ya lasa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Gwaggo, ranar da ya zauna a kan buhu yana zufa, ni na ɗauko shi. Na ji nauyinsa. Ba na son in sake ji."

"Kwana in ya ƙare, ko ruwan zalla mutum yake sha sai ya tafi."

"Haka ne. Amma ba ni zan miƙa masa ba."

Gwaggo ta tafa hannu ta juya ga Mama. "Kin ji ko? Kina zaune!"

Mama ta hure ƙaiƙayin da ke tiren. "Yaya, ni na gaji. Na yi shekaru ina faɗa masa, sai ya sa ni dariya in manta. Ita ba ta dariya. Ku bar ta."

Ba yabo ba ne, Auta ta sani. Mama ta sauke kaya ne kawai, ta ga wanda ya ɗauka.

Kwanaki suka dinga zuwa iri ɗaya, kamar burodi daga gwangwani ɗaya. Auta ta tashi ta huda wa Baba yatsa, ta jera ƙwayoyi a murfin kofi, ta tsaya har ya haɗiye, don ta taɓa tsintar ɗaya a tukunyar furen bakin taga. Ta buɗe gidan burodi, ta auna, ta kwaɓa, ta yi faɗa da mai kawo fulawa. Da rana ta koma gida ta tabbatar Mama ba ta ji tausayi ta ƙara gishiri ba. Ta gano kwalin taba a bayan buhuna a sito, ta gano wani a aljihun tsohuwar rigar ruwa, ta gano na uku a aljihun Dogo, wanda ya rantse nasa ne alhali kowa ya san hayaƙi tari yake sa shi. Da yamma su fita tafiya, su bi ta gaban makarantar firamare, su zaga bayan gidan mai, su dawo ta layin masu walda. Shi a gaba, hannu a baya, ita a baya da gorar ruwa. Ba ya juyowa. Da can shi ne mai ba ta labarin kowane shago da mai shi, wanda ya fara da teburi ɗaya, wanda matarsa ce ke riƙe da shi. Yanzu sai ƙarar takalmansu.

Gajiyar ba a ƙafa take ba. Ta gaji da zama mugu a gidan da aka haife ta. In ta shigo ɗaki hira ta mutu. Wata rana ta ji Baba yana dariya da Mama, irin dariyarsa ta da mai girgiza kafaɗa, ta tsaya a bayan labule ta ƙi shiga, don ta ɗan ƙara ji.

Kullum dai yana zuwa gidan burodi, amma bencin bakin ƙofa ne iyakarsa. Jira yake yi. Auta ta san abin da yake jira: ranar da wani zai dawo da burodi ya ce ya canza.

Mai kantin bakin titi ya zo ɗaukar nasa, Baba ya tare shi.

"Zo nan, mutumina. Tsakaninka da Allah, yaya ka ji burodin kwanakin nan?"

"Kamar kullum, Maigida. Ai hannunka ba ya kuskure."

"Ba ka ji ya ɗan yi lami ba? Ko ɓawon ya yi tauri?"

"Ina! Jiya ma matata ke cewa duk garin nan ba mai harshenka. Allah ya ƙara lafiya."

Baba ya ce amin. Ya tambayi direban motar makaranta, ya tambayi matar da ke saye wa masu gidan abinci. Kowa ya yabe shi, kowa da zuciya ɗaya. Auta tana jin su ta taga, tana kallon bayansa yana ƙara rusunawa da kowane yabo.

Dogo ya same ta a sito tana duba buhuna. Ya rufo ƙofa, ya rage murya.

"Malama, in ba ki shawara, ko ita ma sai an auna?"

"Faɗi, Baba Dogo."

"Gobe ki rage gishiri. Kaɗan, yadda za a ji. Mutum biyu su yi ƙorafi, Maigida ya shigo ya yi mana tsawa, ya zage mu tas, ya gyara. Wallahi sai ya fi wata guda yana jin daɗi. Burodin yini ɗaya ne fa."

"In ya shigo gyara, da me zai gyara?"

Dogo ya sosa ƙeya. "To... da harshe."

"Shi ke nan mun koma gidan jiya. Kuma jibi fa? In sake ɓatawa?"

"Ke dai ba ki san tsufa ba. Mutumin nan ba suga yake nema ba, so yake a neme shi."

"Na sani."

"To?"

"Ba zan yi masa wasan yara ba. In ya gane, ya fi wannan ciwo. Kuma ni ban iya ɓata aiki da gangan ba, shi ya koya min."

Dogo ya girgiza kai. "Ke da ubanki, Allah ya yi ku da itace ɗaya. Mu dai da ke tsakani mu ke shan suka."

Washegari ta tsaya a gaban sikeli da gishiri a cokali. Ta daɗe. Ɗan karkata hannu kawai za ta yi, ba mai gani. Ta tuna dariyar bayan labule, ta kuma tuna tsayuwarsa a matakala. Ta zuba gishirin har allura ta tsaya inda ta saba tsayawa.

A wannan makon ne Baba ya shigo ciki, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya kusa da teburin kwaɓi, ya shafa katakon da tafinsa, wurin da hannunsa ya lotsa saboda shekaru.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Na sha maganinki. Na bar taba. Ina bin ki yawo kamar akuyar da aka ɗaura wa igiya. Abu ɗaya na roƙa. Ba don zaƙin ba ne, kin sani. In ban ɗanɗana ba, me nake yi a nan?"

Da tsawa ya yi mata da ya fi sauƙi.

"Akwai wuta, Baba, ba wanda ya san ta kamar kai. Akwai sababbin ma'aikata da ba su iya murza kwaɓi ba. Akwai masu saye, kai suke so su gani."

"Wato kujera da fanka. In zama hoton bango."

"Ba haka nake nufi ba."

"Gutsure ɗaya, da safe. Na yi miki alkawari."

"Mun yi wannan alkawarin a baya."

"Ni nake roƙonki, Auta. Ni."

Ta dubi kwaɓin da ke gabanta, ya tashi ya yi luhu-luhu, ta dubi hannunsa a kan katako. Ta san in ta ce to, yau da yamma zai juyo a hanya ya ba ta labarin masu walda. Ta kuma san gutsure ɗaya bai taɓa zama ɗaya a bakin Baba ba.

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani. Ya zaro mabuɗin gidan burodin daga aljihu ya ajiye a gefen sikeli.

"To. Ki gaida ƙarfenki."

Daga ranar bai sake takowa layin ba. Ko a tafiyar yamma, in sun kusa kwanar sai ya tsallaka titi.

Watanni suka shuɗe kafin su koma wurin likitar. Likitar ta duba sakamakon gwaji, ta sa masa abin awo a hannu, ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, fuskarta ta saki.

"Baba, ka ba ni mamaki. Suga ya sauko, jini ya daidaita, kitsen ma ya ragu. Tabon da ke zuciya ba ya gogewa, kuma ciwon suga ba a sallamarsa, sai dai a zauna da shi. Amma ka ja wa kanka nesa da haɗari sosai. In ka riƙe haka, ina sa ran za mu daɗe muna ganin juna. Yaya aka yi?"

"Tambayi mai gadina," in ji Baba. "Ga ta nan."

Likitar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Auta ma ta yi murmushi don kada ta bar ta ita kaɗai.

A bakin ƙofar asibiti ta ɗaga hannu za ta tari mota, ya ce ta bari, shi da ƙafa zai koma. Ta ce to bari ta raka shi. Ya ce a'a, ta je, aiki na jiranta, kada kwaɓi ya wuce lokacinsa. Da ladabi ya faɗa, yadda ake yi wa 'yar maƙwabta magana. Ya sauka matakalar asibitin bai dafa komai ba, ya shiga cikin mutane, kafaɗa a miƙe, taku da ƙarfi.

Ta tsaya har ya ɓace mata, sannan ta zauna a kan dakalin masu jiran mota. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi nadama ba. Da za a maido ta gaban teburin nan, amsar da ta bayar ita za ta sake bayarwa, gobe ma kuma ita za ta jera masa ƙwayoyi ta tsaya har ya haɗiye. Ta dai san abin da ta biya. Aikinta ya tafi. Baba ya rasa sana'ar da ya gina da bakinsa, kuma a wurinsa ita ce ta ƙwace. Zuciyarsa na bugawa lafiya, yana iya yin shekaru masu yawa nan gaba, kuma mai yiwuwa ya ƙare su duka bai sake yin hira da ita ba.